Mai Dankalin Tasha

Shafi na 14

Masu biyo ni ta bayan fage kuna tambayar ko na manta da gidan Malam Sirajo, ban manta ba, aiki ne ya sha min kai. Ke kuma da kika ce in bar Habibatu ta huta haka nan, ki yi haƙuri, yau ma ba ranar hutunta ba ce.

*

Ranar Alhamis da la'asar Habibatu ta dawo daga asibiti, ko kayan aiki ba ta cire ba ta faɗa kicin. Ta san halin kanta, in ta kuskura ta zauna a kujerar falo to burodi da shayi za a ci a gidan. Tana cikin yanka albasa ta ji an banko ƙofar gaba, irin bankowar da mutum ɗaya ne ke yinta a duk garin Woodbridge na nan Amurka.

"Assalamu alaikum. Umma, ina mijinki?"

Aliyya ce, 'yarsu tilo, wadda ke shekara ta biyu a jami'a a College Park. Ita da ba ta zuwa gida sai Asabar, yau ga ta tsakiyar mako da jaka a kafaɗa, fuskarta dariya da fushi suna kokawa.

"Wa alaikumus salam. Mijina kuma? Yau ba Abbanki ba ne?"

"Yau mijinki ne. Ya kunyata ni a gaban mutane."

"Shi ne kika shiga cunkoson motoci na babban titin 95 don ki zo ki faɗi wannan? Waya ta mutu ne?"

"Wannan ba maganar waya ba ce. Ido da ido nake so."

Malam Sirajo ya sauko daga sama da jallabiya, tabarau a goshi. Bai daɗe da saukowa daga jirgin ƙasa ba, ya gama aikin safe a sashen Hausa na gidan rediyo. Mutum ne da muryarsa ta karaɗe gidaje daga Agadas har Kumasi, amma a gidansa sai ka kasa kunne kafin ka ji me ya ce.

Aliyya ta ɗan rusuna. "Abba ina wuni, ya aiki?"

"Lafiya lau. Wa na kunyata?"

"Zauna tukuna."

Ya ja kujerar cin abinci ya zauna kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Habibatu ta ci gaba da yankanta, ranta fes. Tana son irin wannan rigimar tasu, don ita ce ke zama 'yar kallo.

Ga asalin maganar. Lokacin Aliyya tana ƙarama Hausa ta soma zille mata, a yi mata magana ta amsa da Turanci. Ana haka wani maƙwabcinsu tsohon soja da ya zauna a Japan ya baza kayansa na sayarwa a ƙofar gida zai tashi, Sirajo ya tsinci wani kwali na faya-fayan katun ɗin Japan, wanda yaran yanzu ke ce wa anime. Babu Turanci a ciki ko na magani. Sai ya mayar da abin makaranta. Duk Asabar in Habibatu ta tafi asibiti, ya kashe sautin talabijin, ya zauna gefe yana yin muryoyin da Hausa. Yarinyar cikin fim ɗin ma suna ya raɗa mata, Atine. Da haka bakin Aliyya ya buɗe, har Habibatu kan yi taƙama da ita a taron suna.

"Abba ka san club ɗinmu na anime," in ji Aliyya. "Wannan watan aka ce kowa ya kawo wanda duniya ta manta da shi, wanda ya cancanci a kalla amma ba a maganarsa. Wata ta kawo na wani tsoho mai gyaran lema. Wani ya kawo manga, littafin zanen Japan, na 'yan mata masu kiwon zuma, babu faɗa babu dodo. Ni kuwa na ce yau za ku ga abin da ake kira labari. Na ɗauki faya-fayanka na Atine."

Sirajo ya sauke tabaran daga goshi ya riƙe a hannu.

"Na tsaya a gaban mutane na zuba. Na ce yarinya ce da ke wucewa ta wata 'yar tashar jirgi kullum za ta makaranta, ga dusar ƙanƙara, ga wata mata mai gasa dankali a bakin tasha. Na ce matar nan ita ta haife ta, ta bayar da ita, take zuwa kullum don kawai ta ga wucewarta. Abba, wata yarinya har hawaye ta yi. Sai Raymond, shugaban club ɗin, ya ce a kunna ya fassara mana kai tsaye. Shekara guda ya yi a Japan."

"To?" in ji Habibatu, dariya ta riga ta fara cin ta.

"Aka zo wurin mai dankali. Na ce kowa ya yi shiru, ga wurin nan. Ta buɗe baki. Raymond ya ce, 'Dankali da zafinsa.' Na ce ci gaba. Ya ce shi ke nan. Na ce a'a, akwai sauran magana. Ya mayar da fim ɗin baya. 'Dankali da zafinsa. Gasasshen dankali.' Umma, duk fim ɗin daga farko har ƙarshe abin da matar nan take faɗa ke nan. Talla take yi."

Habibatu ta ajiye wuƙa ta dafa kanta tana dariya har da riƙe ciki.

"Ai na sha faɗa miki mutumin nan ko sannu bai sani ba da yaren Japan."

"Ni fa har na kai aji shida ina gaya wa ƙawayena babana yana jin Japananci. Wurin da Atine ke kuka a kan benci, ka ce don ta ji a jikinta ne. Ashe kyanwarta ce ta ɓata. Labarin gaba ɗaya na yarinyar da ke son zama direban jirgi ne, iyayenta biyu suna nan lafiya lau suna sayar da taliya."

"Malam," in ji Habibatu tana share ido, "ashe labaran da kake karanta wa duniya ma sai mun riƙa bincike."

Sirajo ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba. Habibatu ta lura, ta ɗauka kunya ce ta dattijo da 'yarsa ta kama shi.

Aliyya ta zauna a kujerar da ke kusa da shi, fushin ya gama narkewa.

"Amma ka san abin mamaki? Da suka gama dariya suka ce naka ya fi daɗi. Na asalin ma yana da kyau, zanen ruwan sama kaɗai ya isa a kalla, amma naka suke so su ji. Na ce ai babana ɗan rediyo ne, ko tari ya yi sai ya naɗa. Duk Asabar ɗin nan suna cikin tsohuwar kwamfutarka, na kwashe tun bara. Zan ɗora muryoyin a kan hoton in sa musu fassara a ƙasa."

"Aliyya," in ji Sirajo a hankali, "bar wannan sai mun yi magana."

"Ka ji kunya ne? Ai kai naka mai sauƙi ne. Anti Rumasa'u ce ta cinye fim ɗin."

Habibatu ta riga ta mayar da hannu kan wuƙa. Hannun ya tsaya a nan.

"Wace Rumasa'un?"

"Anti Rumasa'u mana, ƙanwarki ta Kano. Ita ce mai dankalin." Aliyya ta rufe baki da hannu tana dariya. "Au, na manta sirri ne. Abba ya ce Anti tana jin kunya, kada in gaya wa kowa tana wasan kwaikwayo. To ai yanzu na girma, sirrin ya tsufa."

Habibatu ta juyo ta dubi mijinta. Shi teburi yake kallo.

"Ta yaya Rumasa'u da ke Fagge za ta shiga katun a Woodbridge?"

"Ta waya. In an zo wurin mai dankali sai Abba ya tsayar da hoton, ya kira ta, ya ajiye wayar a jikin talabijin. Ta yi ta magana, hoton na tsaye. Ni a zatona haka fim ɗin yake, matar ta daskare tana magana. Bari ki ji, wallahi ta iya."

"Aliyya, na ce ki bari."

Muryar rediyon ce ta fito masa, wadda ba ya amfani da ita a gida. Amma yatsan yarinyar ya riga ya taɓa waya.

Aka fara jin shuuu irin na layin ƙasa da ƙasa na wancan lokacin. Can nesa zakara ya yi cara. Sai murya ta fito, siririya, tana rawa kaɗan.

"Ga dankali da zafinsa, yarinya. Matso in gan ki. Kin yi tsawo. Wa ya yi miki kitson nan? Ta iya, Allah ya saka mata."

Sai muryar yarinya ƙarama, Hausarta a karkace: "Abba, me ya sa take kuka?"

Sai muryar Sirajo: "Hayaƙin gawayi ne. Saurara."

Habibatu ta gane ta nan take. Muryar ƙanwarta ce, babu ko tantama, muryar da ba ta taɓa wuce gaisuwa da ita ba in an haɗa ta da Aliyya a waya.

"Ki riƙa jin maganar wadda ke riƙe da ke, kin ji? Ta fi ni iya riƙo. Ni ɗaukar ciki kawai na iya. Ranar da aka zo tafiya da ke ina tsakiyar yi miki wanka. Aka ce in yi sauri. Na naɗe ki a zani na miƙa, sai da kuka fita na tuna ban ɗauraye sabulun bayan kunnenki ba. Har yau shi ne ke damuna. Ban sani ba ko wani ya gani ya goge miki."

Aliyya ta tsayar da sautin, idonta na ƙyalli.

"Kin ji ko? Wannan wurin na haddace shi tun ina ƙarama. Sabulun bayan kunne. Wane marubuci ne zai kawo wannan?"

Habibatu ba ta ji tambayar ba. Ta nemi bakin kantar kicin ta jingina. Shekaru tana gadin magana ɗaya, ta hana kowa a dangi furta ta, ta ƙi kai yarinyar gida sai sau ɗaya, shi ma ba ta bari ta kwana a ɗakin kowa ba. Ashe a falonta, a kan kafet ɗin da ita ta saya, ake zuba wa yarinyar maganar duk mako.

Sai ta yi abin da iyaye da yawa a ƙasar nan suka saba yi ba tare da tunani ba. In magana ta manya ce, a juya wa yaro baya, a sauke murya, a koma Hausar gida mai sauri, wadda 'ya'yan Amurka ke tsintar ɗaya su zubar da goma. Haka suke yi tun Aliyya na rarrafe. Kuma tun da yarinyar ta shiga sakandare rabin amsarta ga Umma da Turanci ne, har Habibatu ta saki jiki cewa Hausar tata ta gaisuwa ce da ta kicin.

Ta matso kan mijinta, ta ba Aliyya baya.

"Amanar ke nan?"

"Habibatu, ba yanzu ba."

"Yanzu. A gaban Innarmu ka dafa kai ka ce bakinka ba zai buɗe ba sai ranar da na yarda."

"Kuma bai buɗe ba. Ban rubuta wa Rumasa'u ko kalma ɗaya ba."

"Ka buɗe mata nata ai. Ina can tsaye tun asuba ina juya tsofaffin wasu, ina kwashe musu ƙazanta don yarinyar nan ta yi karatu, ku kuna nan kun kunna katun kuna raba min ita."

"Ba wanda ya raba. Kira take yi ta yi shiru a waya, numfashinta kawai nake ji. Kunya ba za ta bar ta ta ce a ba ta ita ba, kin san haka. Ranar nan hoton na kan matar, na ce mata ga wata mai talla ba ta da murya, ko za ki ara mata. Na zaci talla za ta yi."

"Da ka ji ba talla ba ce me ya hana ka kashewa?"

Sirajo ya juya tabaran da ke hannunsa.

"Na ce me ya hana ka kashewa?"

"Ban iya ba."

"Har sabulu, Malam. Har sabulun sai da ta kai mata ƙara. Wai ba ta sani ba ko wani ya goge. Wa zai goge in ba ni ba? Tun a mota na gani, kafin mu fita layin. Da bakin mayafina na goge shi, na sa yawuna, tana ta tsala kuka ina jijjiga ta har filin jirgi. In ta tambaye ni ai da na faɗa mata."

Ta tsaya don numfashi ya ƙare mata. A nan ta lura kicin ɗin ya yi tsit. Ba a jin danne-dannen waya, ba a jin motsin kujera.

"Umma."

Habibatu ba ta juyo ba.

"Umma, a labarin babu mota."

Da tsantsar Hausa ta faɗe shi, a natse, da irin lafazin Fagge da Habibatu ba ta san yarinyar na da shi ba. Ai kuwa dole. A bakin Rumasa'u ta koye shi.

"Na saurari abin nan ya fi a ƙirga. Babu mota, babu mayafi, babu filin jirgi. Ke kuma yau kika fara jin sa. Ta ina kika san sauran?"

Habibatu ta juyo a hankali. Aliyya na tsaye, hannunta na dama ya tafi bayan kunnenta ba tare da ta sani ba.

"Maganar manya muke yi," in ji Habibatu. Ita kanta ta ji yadda muryarta ta fito ba ƙarfi.

"Na ji maganar manyan. Duka na ji."

"Aliyya, zauna," in ji Sirajo.

"Ba zan zauna ba. Abba, wace yarinya aka yi wa wanka?"

Man da Habibatu ta ɗora a wuta ya fara hayaƙi, Sirajo ne ya miƙe ya kashe, ya tsaya a wurin ya ba su baya.

"Umma, ke nake tambaya yanzu. Wace yarinya kika goge wa sabulu?"

Habibatu ta yi shekaru tana shirya yadda za ta faɗi maganar nan in ranar ta zo. A shirinta bayan auren Aliyya ne, a ɗaki, su biyu, ta riƙe mata hannu. Ba ta taɓa kawo kicin da warin albasa a hannunta ba, balle a ce da bakinta za ta fasa.

"Ke ce."

Aliyya ta gyaɗa kai sau biyu kamar wadda aka gaya wa farashin kaya. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, bayanta jikin firji.

"No," ta ce a hankali. Sai kuma, "To. To."

Habibatu ta durƙusa a gabanta, maganar ta ɓalle mata ba tsari.

"Ba sata na yi ba, ki ji ni da kyau. Ba ni ke aka yi. Mahaifinki ya rasu a hanyar Zariya kina ciki, ko ganinki bai yi ba. Rumasa'u ta dawo gida ba ta ci ba ta sha. Ni kuma na daɗe a ɗaki ko ɓari ban taɓa yi ba, ga tafiyarmu ta taso. Inna ta tara mu ta ce ɗan fari dama ba na uwarsa ba ne, a ba Habibatu. Haka ake yi a gidanmu. Ni kaina ba a hannun Inna na tashi ba."

"Mahaifina," in ji Aliyya. Ta ɗaga kai ta dubi bayan Sirajo. "Abba?"

Ya juyo. Hawaye ne a gemunsa, bai damu ya share ba.

"Ni ma riƙo ne, Aliyya."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron yarinyar, ba kuka ba ba dariya ba. Ta cusa yatsu cikin gashinta.

"Jiya na tsaya a gaban mutane na ba su labarina. Da hannuna na rubuta a allo, underrated, wanda ba a ba shi darajarsa ba. Suka yi ta dariya, ni ma na taya su."

"Ki yafe min," in ji Sirajo.

"Shi ya sa Anti ba ta taɓa kiran sunana ba." Ba da su Aliyya take ba, da kanta take. "Kullum 'yar Yaya. Ya karatu, 'yar Yaya. Na tambaye ki, kika ce haka take, ba ta da sakin jiki. Da muka je Kano ina shiga ɗaki sai ta fita. Na yi kuka a jirgi na ce miki Anti ba ta sona. Kin tuna me kika ce?"

Habibatu ta tuna. Cewa ta yi, ƙyale ta, ai ni ina sonki. Kuma ta tuna a ranar wani sanyi ta ji a ranta, sanyin da ta yi ta istigfari a kansa daga baya.

"Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari," in ji Sirajo. "Ba ta zama inda yake a gaban mutane. Kunya ce, ba ƙi ba."

"Ban sani ba ai. Ba wanda ya koya min wannan. Katun aka kunna min." Ta juyo kan Habibatu. "An tambaye ta?"

"Me?"

"Da Inna ta ce a ba ki. An tambayi Anti ko ta yarda?"

"Inna ba ta tambaya. Faɗa take yi."

"Ke fa? Kin tambaye ta?"

Habibatu ta sunkuyar da kai. Gaskiyar ita ce ba ta tambaya ba, don tana tsoron amsar. Ranar ma ita ce ta ce a yi sauri. Jirgi bai matsa ba, akwai lokaci. Gani ta yi wankan ya ƙi ƙarewa, ƙanwarta na ta zuba ruwa tana sake zubawa, ta ji tsoron in aka ƙara minti ɗaya Rumasa'u za ta ce ta fasa.

"Ke kika ce ta yi sauri," in ji Aliyya. Ba tambaya ba ce.

"Aliyya, ni na yi jinyarki. Ni na goya ki a dusar ƙanƙara zuwa bas. Haƙorinki na farko yana nan a ajiye a wurina. Duk abin da uwa ke yi..."

"Na sani."

"To ki dube ni."

Ta dube ta. Da tsana ce a idon da Habibatu ta fi samun sauƙi, don tsana tana wucewa. Kallo ne na wanda ke ƙoƙarin gane fuskar da ya taɓa gani a wani wuri.

Habibatu ta kai hannu za ta taɓa kumatunta. Aliyya ta kauce kaɗan, kaɗan ƙwarai, ta dafa firji ta miƙe. Ta ɗauki wayarta daga teburi, ta tsaya tana kallon hoton da ke tsaye a fuskar wayar, mace da gyale a bakin tasha, hayaƙi na tashi a gabanta.

"Ƙarfe nawa yanzu a Kano?"

"Dare ya yi," in ji Sirajo. "Kada ki kira ta a haka, Aliyya. Ba ta da ƙarfin zuciya. Bari in fara yi mata magana."

"Ba kiranta zan yi ba. Waya ta isa haka." Ta saka wayar a aljihu. "Abba, ina fasfo ɗina?"

Habibatu ta ji kalmar ta daki ƙirjinta. Ba fasfon ba, Abban. Shi da ya ce mata shi ma riƙo ne, har yanzu Abba ne.

"Kina tsakiyar zango," in ji Sirajo. "Ga jarabawa."

"Ina yake?"

Ya dubi matarsa da ke durƙushe a ƙasa har yanzu, ya kawar da kai.

"Ba ya wurina. Yana cikin akwatinta, a kulle. Makullin na jikinta."

Hannun Habibatu ya tafi aljihun rigar asibitinta da kansa, ya damƙe tarin makullan ta waje. In ta hana, ta tabbatar wa yarinyar duk abin da take zargi. In ta bayar, ba ta san wadda za ta dawo mata ba, in ma ta dawo.

Aliyya ta tako ta tsaya a kanta. Habibatu ta ɗaga ido tana jira, tana roƙon Allah a ranta yarinyar ta kira ta da sunan da ta saba, ko da da fushi ne, ko da da tsawa.

Ba ta ce Umma ba. Hannu kawai ta miƙo mata, tafin a buɗe.